Tulun Kaka da Ɗan'uwansa na Bayan Fika

Ni na wanke tulun Kaka da omo. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin labarin ya riga ya zaga unguwarmu ta Dogo Tebo, kuma masu yawo da shi sun ƙara masa gishiri fiye da yadda ni kaina zan iya ƙarawa. Ba mugunta ba ce. Leƙawa na yi na ga cikinsa ya yi baƙi ƙirin, na ce tsohuwar nan idonta ya fara rauni, bari in yi mata abin kirki kafin azumi ya kama. Na zazzaga omo, na zura hannu da soso, na dirje shi har ya yi ja kamar ranar da aka gasa shi. Aka yi kwana da kwanaki ana ɗaurayewa yana aman kumfa, kumfar da za ta wanke kayan unguwarmu har a ɗiba wa mutanen unguwar Ngojin.

A cikin tulun nan Kaka, mahaifiyar Babana, take jiƙa tsamiyarta duk bazara. Ashe baƙin da na kankare ba dauɗa ba ce, hayaƙi ne na shekara da shekaru, domin kafin kowane jiƙo sai ta kife tulun a kan hayaƙin ƙaiƙayin gero da saiwar kajiji. Shi kuwa yumɓu, abin da ya sha shi yake mayarwa. Da ta kurɓi tsamiyar farko ta bana sai ta tofar, ta dube ni, ta ajiye moɗar a ƙasa.

Ba ta dake ni ba, ko faɗa ba ta yi ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Tun ina rarrafe Maigida take kirana, ni kuma in ce mata Amarya, kullum muna rigima a kan kayan Sallar da ban taɓa ɗinka mata ba. Daga ranar tulu na koma "yaron nan". Ku ce wa yaron nan ya matsa. Ku ba yaron nan tuwonsa. Baba ya sayo sabon tulu a kasuwa, ta shinshina ta ce a zuba wa awaki ruwa a ciki. Ya nuna mata firjinsa, wanda saboda rashin wuta Inna ta daɗe da mayar da shi ma'ajiyar daddawa, ta ce ruwan firji sanyi ne kawai, babu komai a cikinsa sai ciwon haƙori. Daga baya Inna ta gaya mana cewa wata ƙawar Kaka ce ta gina mata tulun da hannunta, a ƙauyensu can bayan Fika. Baba ya ce to shi ke nan, wanda ya wanke shi zai je ya roƙo wani daga hannun da ya gina na farko, kuma ya dawo kafin a ga wata.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin da kuka neme ni a filin ƙwallo ba ku gan ni ba. Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da yayata, wadda aka haɗa ni da ita don tana jin Bolanci rabi da rabi, kuma don ta riƙe ni kada in wanke wani abu a hanya. Inna ta ɗaura mana tsaraba a leda: sukari, kanwa, goro, da sabulun wanki sanda biyu. Na roƙe ta ta cire sabulun, ta ce ai duk shekara shi Kaka take aika wa ƙawar tata, ba za a fasa don ni ba.

Ban taɓa ganin Potiskum a wannan lokacin ba, domin ni da asuba ba mu cika haɗuwa ba in ba a kan tabarmar sallah ba. Tireloli sun yi layi a bakin titi, direbobinsu na kwance a ƙarƙashinsu. Masu shayi sun riga sun hura wuta, suna ɗaga kofi sama suna tsiyaya shayin daga nesa, har na tsaya kallon ko ɗigo zai kuskure, bai kuskure ba. Iska ta kwaso warin kasuwar shanu ta kawo mana har tasha, ko da yake ba ranar kasuwa ba ce. Kuɗin mota ya ƙara tashi, Yaya ta yi ciniki har mai lodi ya ce ta fi kowace tsohuwa taurin kai, amma bai rage ko sisi ba.

Akori-kura muka samu, ta tsufa har ba a gane launinta na asali. Muka zauna a baya a kan buhunan gishiri. Akwai wani Bafulatani dogo mai sanda, da alama ya sayar da saniya yana komawa ruga, da wata Babarbariya mai ƙiba wadda turarenta ya kori warin mai daga motar gaba ɗaya, sai wani saurayi mai baƙin tabarau rungume da rediyo. Ba mu bar gari sosai ba matar ta tambayi ina za mu, Yaya kuwa ta kwashe labarina kaf ta zuba mata, har da kumfar. Matar ta dafe ƙirji ta yi mini kallon wanda ya ƙona masallaci. Bafulatanin ya yi dariya har hularsa ta zame.

Daga nan motar ta koma majalisar abin sha. Bafulatanin ya ce duk abin da ba a tatso daga saniya ba ruwa ne da aka ɓata. Matar ta ce ina Bafulatani ya san daɗi, mutumin da zai sayar da bijimi ya sayi burodi guda ya ɓoye a aljihu. Ta ce a bazara babu kamar abin da su Barebari suke kira ardeb, tsamiya ce ita ma, amma ana dama ta da ɗan gari da kayan yaji ta yi kauri, in ka sha moɗa guda da buɗa baki sai ka ji kamar an zuba wa jijiyoyinka ruwa. Mai tabarau ya ce shi dai lemon kwalba mai sanyi, sai su biyun suka manta da rigimarsu suka taru a kansa. Ni kunne kawai na kasa, domin ban taɓa sanin manya na iya yin gardama a kan abin sha kamar yadda muke yi a kan ƙwallo ba.

Sai a nan na lura cewa a gidanmu ba kalanda ke gaya mana lokaci ba, moɗar Kaka ce. In ka ga kunun gyaɗa mai zafi da citta da masoro, sanyi ya shigo. In ka ga fura da nono kullum da rana, damina ta zauna, shanu sun ƙoshi, nono ya yi araha. Bayan girbi kunun zaƙi na sabon gero ne, da zoɓo sabon tsinka mai rina harshe har ka je makaranta a zaci ka ciji wani. Bazara kuwa ta tsamiya ce. Ba ta taɓa haɗa su ba, ba ta taɓa yi wa wani lokaci abin shan wani ba. Na taɓa roƙonta kunun gyaɗa a tsakiyar zafi, ta ce in je in sa bargo in zauna a rana, duk ɗaya ne. Duk shekarun nan sha kawai nake yi in goge baki, ban taɓa tambayar dalili ba.

Hanyar Fika a wannan lokaci fayau take. Gonaki sun zama fili, sai kututturen dawa da shanu masu ƙirga haƙarƙari. Itatuwan kuka sun tuɓe ganye tas, 'ya'yansu na reto kamar an rataye ɓeraye ta wutsiya. Tsamiya ce kaɗai ta ƙi yarda, ita tana nan kore shar, duk inda ka hango ta za ka ga mutum ko jaki a gindinta. Kwaltar kuma wani wuri akwai ta, wani wuri labarinta ne kawai ya rage. Akwai ramin da muka faɗa na rantse na ga Damaturu daga sama kafin in dawo kan buhun gishiri.

A wani ƙauye taya ta yi faci, muka sauka. Na ji daɗin wannan facin, domin a gindin wata ƙatuwar tsamiya muka tsaya, mata sun baje kaya: goruba, aduwa, magarya, busasshen zoɓo a tire, da tsamiya dunƙule-dunƙule kamar kan jariri. Arahar ta sa Yaya ta kusa yin kuka don haushin abin da muke biya a Potiskum. Na tambayi mai tsamiyar me ya sa wasu dunƙulen jajaye wasu baƙaƙe. Ta ce jar ta bana ce, tsaminta kaifi ne da shi, ta fi kyau da kunu. Baƙar ta bara ce, ta kwanta ta huce, ita ake nema in jiƙawa za a yi a sha da sanyi. Na ce bari in gwada da kaina, na gutsuri jar na sa a baki. Idona ɗaya ya rufe, bai buɗe ba sai da aka gama facin taya.

A wurin na sayi nono a hannun wata Bafulatana. Ya yi kauri, ya yi fari, amma akwai wani ɗan tsami a bayansa da ban saba ji ba. Na tambayi Bafulatanin nan mai sanda na motarmu, ya kawar da kai yana murmushi, ya ce da rani shanu ba su da abin bayarwa, sai mata su ƙara wa nonon farin garin 'ya'yan kuka ya yi auki. Matar nan Babarbariya ta ji, ta ce to ga shi nan, mai cewa sai abin da aka tatso daga saniya, ashe har bishiya suke tatsa. Sai da muka koma mota ya ce ai kukar ma a makiyayarsu ta tsiro.

Rana ta take muka shiga Fika. Garin na zaune a tsakanin duwatsu, su kuma duwatsun sun sha rana suna mayar da ita, har ƙadangaru ke ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya kamar masu taka garwashi. Mangwaro bai nuna ba tukuna, yara na jifan ɗanyen. Muka ci waina da miyar taushe a bakin tasha, muka yi azahar, Yaya ta yi tambaya da Bolancinta mai ɗingishi har aka gane ƙauyen da muke nufi. Babu motar da ke zuwa can sai ranar kasuwa. Wani manomi mai amalanken shanu ya ce hanyarsa ce, mu hau. Sai da muka hau na gane taki yake kaiwa gona. Yaya ta toshe hanci da mayafi, ta ce duk wannan a cikin lissafin omo yake.

Ƙauyen ɗan ƙarami ne, gidajen ƙasa da rumbuna, da wata tsamiya a tsakiya wadda ta girmi kowa. A gindinta muka tarar da ƙawar Kaka a kan tabarma. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, baƙa siririya, haƙoranta na gaba sun yi ritaya. Gaisuwa kawai ta ci lokacin da za a dafa shinkafa. Ta tambayi Kaka, da gwiwar Kaka, da Baba, da Inna, da awaki. Da Yaya ta ce mata ni ne jikan da Kaka ke kira Maigida, sai ta jawo ni kusa da idonta ta duba, ta ce da Hausa ƙawarta ba ta iya zaɓen miji ba, wannan ai duk kunne ne.

Yaya ta miƙa tsaraba, sannan ta faɗi abin da ya kawo mu, rabi da Bolanci rabi da hannu. Tsohuwar ta saurara, ta zaro sandar sabulu daga ledar, ta dube ta, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Na ce a raina an gama, mai dariya haka ba za ta hana tulu ba.

Da dariyar ta lafa sai ta miƙo mini hannuwanta biyu. Rawa suke yi, yatsun sun lanƙwashe. Ta ce ta daɗe rabonta da yumɓu, ko ludayi sai ta riƙe da hannu biyu. 'Ya'yanta mata sun yi aure nesa, matan gidan kuma babu wadda ta koya, jarkar roba ta fi musu sauƙi. Akwai masu gini a wani ƙauye gaba, in muna so, amma ta san ƙawarta, shinshinawa za ta yi ta ba awaki.

Ba zan yi muku ƙari a nan ba. Na hango kaina na zama "yaron nan" har in yi gemu. Na hango azumi guda Kaka na buɗa baki da ruwan randa tsura, ni kuma ina zaune a gefe kowa ya san dalili.

Ana cikin haka wata matar gidan ta kawo mana abin sha a ƙwarya. Ƙishi ya sa na kafa kai ban duba ba. Kurɓa ɗaya na tsaya. Tsamiya ce, amma ba tsamiya kawai ba, ta Kaka ce sak: sanyin nan mai laushi da ba ya fasa haƙori, da ƙanshin hayaƙi a can ƙarshen maƙogwaro, har ɗan ɗanɗanon ƙasa. Bambanci ɗaya, wannan na da wani yaji da ke biyo baya ya ja maka kunne. Na tambaya daga ina aka zubo. Tsohuwar ta ce a kai ni in gani.

A lungun ɗakinta, a kan jiƙaƙƙen yashi, ga tulun Kaka zaune. Na kusa cewa sato shi aka yi ya riga mu zuwa. Tsayinsu ɗaya, cikinsu ɗaya, har ɗan karkacewar bakin. A wuyansa ga wasu 'yan ramuka biyu kusa da juna, irin waɗanda na fi dirzawa a na Kaka don na zaci datti ke taruwa a ciki.

Tsohuwar ta ba da labarin, Yaya na juya mini. Ranin da Kakanmu, mijin Kaka, ya rasu Baba ya ce Kaka ta dawo Potiskum, ita tsohuwar ce ta kwaɓa yumɓu ɗaya ta gina tulu biyu, ta gasa su a wuta ɗaya. Kafin su bushe kowacce ta danna babban yatsanta a wuyan kowane tulu. Suka yi alkawari duk bazara kowacce za ta jiƙa tsamiya a nata, tsamiyar bishiyar nan ta tsakar gari, wadda ita tsohuwar ke aika wa Kaka ta hannun 'yan kasuwa. In ɗaya ta ɗaga moɗa ta san ɗayar ma ta ɗaga. Tun daga ranar ba su sake haɗuwa ba. Kaka kullum saƙonta ɗaya ne: bayan Sallah, bayan damina, in gwiwa ta yi sauƙi.

Ni da bakina da ba ya jiran izini na ce ko za ta sayar mana da shi. Yaya ta mintsine ni, har yanzu wurin bai baje ba. Tsohuwar ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce tunda na iya wanke tulu, in zauna in ga yadda ake ba shi haƙƙinsa. Ta sa matar gidan ta juye sauran tsamiyar, ta ɗauraye tulun da ruwa zalla, ta tara ƙaiƙayi da kajiji a kasko ta sa garwashi, ta kife tulun a kai har hayaƙi ya cika shi yana fita ta gefe. Baƙar tsamiya aka jiƙa da ruwan sanyi, ta ce ruwan zafi na tayar mata da faɗa. Aka tace da rariya, aka narka mazarƙwaila, aka daka citta da kanumfari 'yan kaɗan. Sai ta ɗebo barkono da yatsunta masu rawa ta jefa. Na ce Kaka ba ta sa barkono. Ta ce ta sani, tun suna 'yan mata suke wannan rigimar, ƙawarta matsoraciya ce.

A can muka kwana. Da safe na tarar an juye tulun, an naɗe shi da tsohon zani, an cusa ciyawa a gefe an ɗaure da igiyar rama. Tsohuwar ta kira ni, ta kama kunnen nan nawa da ta raina, ta yi magana da Hausa a hankali don kada Yaya ta rage komai a juyi.

"Angon ƙawata, ba sayarwa na yi ba, ba kyauta na ba da ba. Aro ne. Ka ce mata ta sha azuminta a ciki. Bayan Sallah ina son kayana, kuma ba na karɓa daga hannun yaro, ba na karɓa daga hannun direba. Wadda yatsanta ke wuyan tulun ita za ta kawo."

Yaya ta tambaye ta ita kuma a me za ta jiƙa tata tsamiyar, ga azumi a bakin ƙofa, ga wannan zafi. Ta ce ƙwarya ba ta ƙare a duniya ba. Ta ƙara mana da dunƙulen baƙar tsamiya, da wani ɗan ƙulli a tsumma, ta ce in miƙa wa Kaka hannu da hannu. Na shinshina na yi atishawa. Barkono ne.

Dawowar ita ce aikin. Daga ƙauyen zuwa Fika a ƙafa muka zo, tulun na rungume a ƙirjina, ina taka ƙasa kamar mai tsallake ƙwai. A tasha mai lodi ya ce a ɗaure shi a saman kaya, na ce sai dai a ɗaure ni tare da shi. Motar ta cika da buhunan gyaɗa da wani rago da aka ɗaure kusa da gwiwata, wanda tun daga Fika ya ƙudura sai ya ci ciyawar da aka cusa wa tulun. Hannuna ɗaya na riƙe da tulu, ɗaya na ture rago, ƙafafuna na toƙare da buhu. Da muka iso ramin nan na jiya, motar ta yi sama, na ga ƙarfen rumfar na nufo mu. Ko dai tulun ko goshina. Ƙululun da kuka gani ranar Litinin kuka ce Baba ne ya yi mini, to ga asalinsa.

A tashar Potiskum 'yan acaɓa suka yanyame mu, na ƙi hawa. Da ƙafa na ratsa gari har Dogo Tebo, mutane na kallona, wasu na tambayar ko jariri ne.

La'asar ta yi sanyi muka shiga gida. Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta amsa sallamar Yaya, tawa kuma ta amsa wa iska. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabanta na kwance igiyar. Na san abin da take shirin yi, domin har ta fara ɗaga hanci. Da zanin ya zame sai hancin ya tsaya a inda yake. Ba ta shinshina ba. Hannu ta kai wuyan tulun, ta lalubo ramukan nan biyu, ta sa babban yatsanta a ɗaya, ya zauna daidai. Ta daɗe a haka. Ta yi wata magana da Bolanci ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba, Yaya ma ba ta juya mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Na isar da saƙon kalma da kalma, na miƙa ƙullin. Ta kwance, ta ga barkono, bakinta ya motsa kamar dariya za ta kuɓuce, ta danne.

"Tsohuwar banza," in ji Kaka. "Har yanzu ba ta daina wayo ba." Sai ta juya wajen Inna. "Ku ba yaron nan ruwa, ku duba masa goshi."

Yaron nan dai. Na kwana da ƙululu biyu, ɗaya a goshi ɗaya a zuciya.

In kun tambaye ni abin da na koyo a tafiyar nan, na farko dai ba kowane baƙi ne datti ba, kuma kafin ka yi wa tsoho gyara ka tambaye shi. Na gane tsamiyar bara da ta bana, na san abin da ke cikin nonon rani, na san kowane lokaci da abin shansa, kuma ba don iyayi tsofaffi ke bin wannan tsari ba, abin da ƙasa ta bayar a lokacin shi jiki ke nema. Abin da ban taɓa zato ba shi ne mutum zai iya shan abu a Potiskum don wani na shan irinsa a bayan Fika. Na kuma koyi cewa rago ba abokin tafiya ba ne.

Da aka ga wata, ranar azumin farko, Kaka da kanta ta turara tulun, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Ana kiran magariba ta zuba wa Baba, ta zuba wa Inna da Yaya, ta sha nata. Ni ina can ƙarshen tabarma da dabinona guda. Sai na ga moɗa ta miƙo ta saman kan Yaya.

"Maigida, karɓi. In ka sake zuwa kusa da shi da omo, kai zan kife a kan hayaƙin."

Na karɓa da hannu biyu, na ce Amarya ta huce ke nan. Ta ce ba ta huce ba, ƙishi ne ba ta so ya kashe mata miji kafin ya ɗinka mata kayan Sallah. Na kurɓa. A can ƙarshe wani ɗan yaji ya biyo baya ya ja mini kunne. Na ɗago na dube ta, ta kawar da kai tana gyara ɗankwali.

Baba ya riga ya yi magana da wani direba, washegarin Sallah za a kai Kaka ƙauye a gidan gaba na mota, saboda gwiwa. Tulunan biyu suna nan jere a kan yashi a lungun ɗakinta, kowanne da faifansa. Na aron cike yake da tsamiya. Nata babu komai a ciki, kuma har yau warin omo yake.